Ƙwayar mura da ruwan nonona

Ni dai duk shekara in aka fara girbin shinkafa, hancina ya tashi daga nawa. Tun ina gidanmu a wajen Bunkure haka nake, da aka kawo ni Kura kuwa sai abin ya ƙaru, don gidan mijina gidan turara shinkafa ne. A shanya a tsakar gida, a shanya a ƙofar gida, a zo bayan ɗakina a yi ta sheƙa. Ƙaiƙayi ya shiga hanci, ya shiga ido, in yi ta atishawa har haƙarƙarina ya riƙe. In na kwanta hanci ya toshe, sai dai in yi numfashi ta baki.

Shekarar da na yi haihuwar fari, yaron bai cika wata huɗu ba aka shiga girbi. Ina ba shi nono ina atishawa a kansa, yana firgita yana saki. Rannan maigidan ya dawo daga gona, ya tarar da ni idanu sun kumbura, ya sa hannu a aljihu ya miƙo min katin ƙwaya.

"Ungo. Irin wadda nake sha ce in za mu casa. Mai kemis ya ce biyu ce a haɗe, akwai na atishawa da ƙaiƙayin ido, akwai na buɗe hanci. Safe da yamma."

Ba kwali, ba takarda, katin ne kawai da ƙananan rubutun Turanci a bayansa. Ni da ban gama firamare ba, me zan karanta? Na sha. Kuma gaskiya ta yi aiki. Kafin la'asar hancina ya buɗe, har na ji ƙanshin miyar da ake yi a gidan, abin da na daɗe ban ji ba. Da katin ya ƙare ya sayo min wani.

Sai dai na fara jin wasu abubuwa. Bakina ya bushe, ko na sha ruwa kamar ban sha ba. Gabana ya riƙa bugawa ina zaune ban yi aikin komai ba. Jikina yana son barci, idona ya ƙi. Duk wannan da na jure. Abin da ya tayar min da hankali nono ne. Da can in yaron ya kama, ina jin haɗiyarsa ƙut, ƙut. Yanzu sai ya ja, ya ja, ya saki ya tsala ihu, ya koma ɗayan, ya sake saki. Tsummokaran fitsarinsa da nake wankewa har igiya ta cika, suka ragu ƙwarai. Ina gani da idona, kullum ina lura.

To amma wa zan gaya wa? Ɗan fari ne. A wajenmu ba a nuna ɗan fari. Ba ka faɗar sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban manya kana wasa da shi, in ya yi kuka ma sai ka yi kamar ba ka ji ba har sai an ce, "Ke, zo ki ba shi." Uwar mijina, da duk gidan muke kira Inna, ita ke riƙe shi yawancin yini. Tana son yaron nan, ba zan yi mata ƙarya ba. Ita ta fara magana.

"Yarinyar nan, yaron nan ba ya ƙoshi. Me kike ci ne?"

Na sunkuyar da kai. Aka dama min kunun kanwa, aka dama na gyaɗa, na sha har cikina ya yi tam. Shiru. Sai Inna ta aika aka kira ungozomar da ta yi min wankan jego, tsohuwa mai barkwanci, ba ta shigowa gida ba ta tsokani wani ba. Tun daga zaure take cewa:

"Ina amaryar? Ko dai har an yi wa angona ƙani ne, ake ɓoye mana?"

Matan da ke juya shinkafa suka kwashe da dariya. Ni kuwa kamar in nutse. Na ce a'a. Ta ce to a kawo ludayi. A ɗakin Inna ta sa na tatsa, da ƙyar aka samu ɗan abin da ya rufe gindin ludayin. Ta fita gindin katanga ta kamo cinnaka ta jefa a ciki. Haka ake gwadawa: in ya fita da ƙafarsa nono lafiya lau, in ya mutu a ciki nono ya ɓaci. Muka zuba ido mu uku. Ya yi ta juyi, ya kama gefen ludayi ya zame, ya sake kamawa ya zame, can ya daina motsi.

"Kin gani ko," in ji ungozoma. "Allah ya kiyaye da ba a ci gaba da ba shi ba."

A raina na ce, wannan ludayin mai santsi ko ruwan randa aka zuba ai ba zai fita ba. Amma a raina kawai. Suka yanke cewa a tsayar da nono, a nemo min saiwoyin wanke nono, yaron ya koma ɗakin Inna a riƙa ba shi madarar akuya. Ana maganar ɗana a gabana, ni ina kallon tabarma. Da ƙyar na iya cewa gobe ranar rigakafinsa ce, a bari mu je mu dawo. Inna ta ce to, gobe ɗin.

Da yamma maigidan ya shigo cin abinci, na ce masa ni fa ina zargin ƙwayar nan, don tun da na fara sha abin ya fara. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Maganin hanci ina ruwansa da nono? Ke dai kin cika tsoro. Ni ba ga shi ina sha ba?"

"Kai shayarwa kake yi?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na ce, da ka je sayowa, ka gaya wa mai kemis mai jego ce za ta sha?

"Haba. Shago cike da mutane, ga abokan Baba a benci, sai in tsaya in ce matata tana shayarwa? Cewa na yi a ba ni irin nawa."

Na dai ƙi shan ta yamma, na ƙulle katin a bakin zanena.

Washegari muka bi gefen kanal ɗin ban ruwan gonaki zuwa asibitin sha-ka-tafi. Layi har waje, rana ta take, yaron yana ta kuka a bayana. Da aka zo kaina malamar asibitin ta ɗora shi a sikeli, ta duba katinsa, ta ɗago kai.

"Me ya sa bai ƙaru ba? Ba kya ba shi nono ne?"

Na kwance bakin zane na miƙa mata ƙwayar. Ta juya bayan katin ta karanta, ta yi tsaki.

"Wa ya ba ki wannan? Ku matan nan sai kun kashe mu! Kina shayarwa kike shan wannan?"

Ita ma faɗa. Kowa faɗa. Amma da ta ga idona ya kawo ruwa sai ta sassauta, ta ce in zauna. Ta ce magani biyu ne a ciki. Na buɗe hancin, yadda yake busar da majina haka yake iya janye ruwan nono, shi ne kuma mai sa bugun gaba, yana iya tayar da hawan jini. Ɗayan, na atishawar, yana kawo kasala da bushewar baki, kuma yana iya bi ta nono ya taɓa yaro. Ta ɗaura min abin awon jini ta ce ya ɗan hau, in dawo a sake dubawa. Ta ce ko wanda ba ya shayarwa ba a ɗaukar kwanaki da yawa ana sha, ba a haɗa shi da wani maganin mura, ba a ba ƙananan yara, kuma maigidan ya kula da hawa babur in ya sha.

"To nonon ya ɓaci ne?" na tambaya.

"Bai ɓaci ba, raguwa ya yi. Ki daina ƙwayar, ki yi ta ba shi ko ba ki ji komai a ciki ba, tsotson ne zai kira ruwan. Ban da madarar akuya, ban da ruwa. Hancin kuma ki riƙa wankewa da ruwan ɗumi da ɗan gishiri, ki ɗaura ƙyalle in ana sheƙa. In ya gagara ki zo in ba ki wanda ya dace da mai shayarwa. Sati mai zuwa ki kawo shi in sake aunawa."

Duk hanyar komawa ina tunanin yadda zan faɗi wannan a gida. Da ma ta rubuta min a takarda, ko ta biyo ni.

Na tarar Inna ta riga ta dafa madarar, tana fifita ta a kofi. Ta miƙo hannu.

"Kwanto shi."

Ban kwance goyon ba. Na durƙusa na faɗi abin da aka ce a asibiti. Inna ta ce su asibiti ai ba su ga cinnakan ba. Ta ce ita ta raini 'ya'ya kafin a haife ni. Ta sake miƙo hannu. Matan tsakar gida duk sun daina juya shinkafa.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ɗana ne, ni zan shayar da shi."

Wata ta ce, "La ilaha illallahu, ɗan farin?" Inna ta ajiye kofin a hankali.

"Ɗanki ne. To. Mun ji, mai ɗa."

Maigidan yana zaure, ya ji komai. Abin da ya iya cewa kawai, "Inna, a bar ta ta gwada zuwa satin." Na shige ɗaki na saki labule.

Kwanakin nan ban ji daɗinsu ba. Mura ta dawo sabuwa, ido yana ruwa, hanci yana zuba, yaro yana kuka a ƙirjina, kuma duk kukan da ya yi na san ana ji a waje ana jiran a ga ƙarshena. Ba wanda ya leƙo ya karɓe shi in huta. Sau da yawa na ce ko dai su ne da gaskiya, ko ina kashe shi da yunwa ne saboda taurin kai. Na dai ci gaba da ba shi. A hankali ya fara daɗewa a kai kafin ya saki, sannan ya fara barci a bakin nono. Da muka koma awo malamar ta ce ya ɗan motsa, in ci gaba. Wata na zagayowa ya kama hanya sosai, madarar akuya kuma ba ta taɓa shiga bakinsa ba.

Inna ta koma ɗaukarsa, tana yi masa wasa kamar da. Ni ce dai ba ta koma min kamar da ba. Yanzu yaron har ya fara bin yara makarantar allo, amma in za ta aike ni, ko a gaban baƙi ne, sai ta ce, "Ku kira min mai ɗa."