Halilu Mai Kunne da Turbon Jar Mota

A Ƙauran Namoda, in ka bi ta bayan tsohuwar tashar jirgi ka tambayi garejin Halilu Mai Kunne, ko mai tallan goro zai nuna maka. Rumfar kwano ce da rami ɗaya da wani benci da ya sha baƙin mai har ya manta kalarsa. Halilu ya haura hamsin, gajere ne mai kaurin wuya, kuma ba ya cikin mutanen da ake zuwa wurinsu don hira. A kan manyan motocin ɗaukar hatsi ya koyi aiki a Gusau, can ya saba da turbo, wato wannan abin mai kamar dodon koɗi da ke hura wa inji iska ya ƙara masa ƙarfi. Laƙabin kuwa ya samo shi ne daga yadda yake aiki: ya ɗora bakin dogon ƙarfe a jikin inji, ya kanga kunnensa a ɗaya bakin, ya rufe ido, sai ya faɗa maka ciwon motarka kafin ka gama gaisuwa.

Yana da wata al'ada kuma. Kafin ya buɗe gaban mota sai ya kwanta ƙarƙashinta ya kankaro lakar da ta maƙale, ya murza a yatsa. Ya san farin yashin hanyar Shinkafi, ya san jar ƙasar wajen Ɗan Isa, ya san baƙar laka mai danƙo ta fadamun bayan Dauran. Cewa yake mota ba ta ƙarya, mai ita ke yi. Da can wasa ne, yana yi don ya kunyata direban da ya ce wa maigidansa Gusau kawai ya je.

Abin ya daina zama wasa tun shekarar da jami'an tsaro suka zo suka tafi da maƙwabcinsa Haladu, mai gyaran babura. Wani babur da Haladu ya taɓa gyarawa aka tsinta a hannun mutanen daji. Wata takwas ya yi ba ya nan, da aka sako shi kuma ba a same shi da komai ba, amma har yau ko keke ba wanda ke kai masa. Halilu ya ga yadda suna ke mutuwa mai shi na raye. Ya yi rantsuwa tsakaninsa da Allah cewa hannunsa ba zai ƙara wa mugu gudu ba, kuma ba za a taɓa cewa Halilu ya yi wa 'yan bindiga aiki ba. Daga nan ya zama mai zargin kowa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle, to shi Halilu maƙwabcinsa aka sara amma ya fi shi tsalle. Ko 'yarsa Mardiyya da ke aure a wani ƙauye bayan Dauran, shekara biyu ke nan bai taka ya gan ta ba, don bai yarda da hanyar ba.

Wata Talata da hantsi wata jar mota ta shigo garejin. Irin motocin tseren nan ce na 'ya'yan masu hali, mai ƙofa biyu, wadda ko kan kwalta sai ta zaɓi inda za ta taka. Wani saurayi siriri mai suna Jabir ya fito, ya gaida Halilu da ladabi har da rusunawa. Ladabin ma bai yi wa Halilu daɗi ba.

"Baba, turbon motag ga ya mutu," in ji Jabir. "Ina son a sa mata wanda yaf fi shi ƙarfi. Na zo da guda biyu, kai za ka zaɓa."

Ɗaya sabo ne fil a kwali, ƙato, yana walƙiya. Ɗayan ɗan gwanjo ne, matsakaici, da tsatsa a gefe. Halilu ya sa yatsa ya juya fankar kowanne, ya girgiza sandar tsakiya ya ji ko tana wasa. Sabon ya fi kyawun gani, amma sandarsa na ɗan lilo. Na gwanjon kuwa tsaf yake kamar jiya aka ƙera.

"Wanga babban, barci garai," in ji Halilu. "Sai mota ta miƙe hanya ta ɗau zahi kana ya halka. Ƙaramin ko, kana taɓa shi ya tashi. Wace hanya kaka bi?"

"Gusau kurum, Baba. Kwalta."

"In Gusau ta, mi za ka yi da mai tashi nan take? Hanya miƙaƙƙa ta."

Jabir ya dubi titi kafin ya amsa. "Ni dai ina son wanda in na taka ba ya shawara."

Halilu ya shimfiɗa buhunsa ya shige ƙarƙashin motar. Laka baƙa ce mai danƙo, ba ta kusa da Gusau ko a mafarki. An ɗaga ƙafafun motar don ta iya shiga burji, cikinta duk ya kankare da duwatsu. Da ya fito ya leƙa ciki sai ya ga an cire kujerar baya gaba ɗaya an shimfiɗa katifa, a gefen katifar kuma akwai wani tabo mai duhu da aka wanke bai fita ba. A bayan motar ya shafa wani wuri da aka cike aka shafa fenti, rami ne daidai kan yatsa. Halilu ya san abin da ke yin irin wannan ramin. Ya ce a ransa lalle biri ya yi kama da mutum.

Nan fa ya shiga tsaka mai wuya. In ya yi aikin, ya karya rantsuwarsa. In ya ƙi, irin waɗannan mutanen ba a ce musu a'a a kwana lafiya, kuma gidansa ba ɓoyayye ba ne. Sai ya ce wa Jabir ya dawo jibi.

Ya ɗaura na gwanjon, ya yi aiki mai kyau, don hannunsa bai iya wani iri ba. A jikin turbo akwai wata 'yar sanda mai noti da ke riƙe da ƙofar iska. In ka matse ta, iska ta taru inji ya yi ƙarfi. In ka sassauta, ƙofar ta buɗe da wuri, ƙarfin ya zube ta salansa. Halilu ya ɗauki sufana mai lamba goma ya sassauta notin zagaye uku. Mota za ta yi ƙara mai daɗi, za ta yi gudu daidai na mutanen kirki, amma ranar da mai ita ya nemi ta tsere sai ta tsaya shawara. Tun da ya fara riƙe sufana bai taɓa rage wa aiki da gangan ba, kuma abin ya dame shi. Amma ya lallashi kansa da cewa rigakafi ya fi magani, har ya ɗan ji kansa mai dabara.

Bayan kwana goma, da safe yana shan koko, ya ga matarsa Fatimatu tana share ƙaramin ɗaki tana ɗaura sabon labule. Ya tambayi baƙon da ake jira.

"Malam, kai dai in ba inji ba ba ka jin komi," ta ce. "Mardiyya za a kawo goyon ciki ran Juma'a. Wata na takwas ta shiga."

"Da wace mota? Wagga hanya?"

Fatimatu ta rage murya ko da yake daga su sai kaji. "Da jar motar wani yaro, Jabiru. Shi ka ɗauko masu naƙuda da marasa lahiya daga ƙauyukkan can in abu ya hi ƙarhin na kusa. Ƙanwatai ta rasu bisa babur ana hanyar kawo ta, shi na yas sai da gonar gado yas sayi motar hannun wani ɗan mai kuɗi da yag gaji da ita. Ba a hwaɗin zancen ga maza na waje, kak ka ce na gaya maka."

Halilu ya ajiye ludayin. Katifar da tabon da ramin harsashin duk suka dawo masa, kowanne da sabuwar fuska. Kunya ce ta fara kama shi, sannan tsoro ya biyo baya ya danne ta. Fatimatu ta ga ya tashi ya sa hula, ya jefa sufana ɗaya a aljihu, ta tambaye shi ina zuwa. Ya ce Dauran. Ta daɗe tsaye da tsintsiya a hannu tana kallon ƙofa.

Hanyar da ya guje wa shekara biyu, ranar ya bi ta a motar haya, matse tsakanin wani mai buhun gishiri da ƙofa. A motar kowa idonsa na kan gonakin dawa da suka yi tsawo har suna iya ɓoye raƙumi. Da ya sauka ya fara tambayar jar mota, sai ya sha irin miyar da ya saba dafa wa mutane. Mai shayi ya ce bai taɓa ganinta ba. Mai faci ya dube shi daga hula har takalmi ya tambaye shi daga ina, wa ya aiko shi. Wani tsoho ya matsa da tabarmarsa gefe. Sai da ya nemo mijin Mardiyya, shi ma ya yi ta kame-kame cikin kunyar suruki, kafin ya kai shi bayan wani rumbu inda aka lulluɓe motar da zana.

Jabir na zaune a kan turmi. Wannan karon bai rusuna ba.

"Wa ya hwaɗa maka inda nike?" ya ce.

"Ɗiyata ka aure nan. Na zo in gyara wani abu da na bari."

"Ka bari, ko ka yi?" Jabir ya tashi ya janye zanar daga bayan motar. Kusa da tsohon ramin akwai sabo, ko cikewa ba a yi ba. "Ran Lahadi ina ɗauke da wani tsoho da maciji yas sara. Mutanen daji sunka hito da babura wajen kwanar tsamiya. Nit taka, Baba, mota ta tsaya tana tunani. Allah ne kurum yah hisshe mu. Tun rannan nike cewa an saye bakaniken Ƙaura, an ce ya kashe mani mota."

Maganar ta sami Halilu a inda ya fi tsoro. Sunan da ya lalata aikinsa don ya guje masa, shi ne aka riga aka liƙa masa a ƙauye guda. Bai nemi wanke kai ba. Ya faɗi abin da ya gani a ƙarƙashin motar, da abin da ya zata, da zagaye ukun da ya sassauta.

"To don mi kac ce mani Gusau?" ya ƙara da shi, muryarsa a ƙasa.

"Baba, yanzu wa ka hwaɗa ma gareji hanyatai? Can aka jin wa ka hita, yaushe, da mi. Ban san ka ba."

Halilu ya san da shi ne ma abin da zai yi ke nan. Ya fito da sufanar ya tsaya yana jira, kamar mai neman izinin shiga gidan da ba nasa ba. Jabir ya ɗauki lokaci kafin ya buɗe gaban motar, kuma bai matsa ko taku ɗaya ba, kansa na kusa da hannun Halilu yana ƙirga zagayen da baki. Da aka kai uku ya miƙa hannu ya karɓi sufanar ya sa a nasa aljihun.

"Ba sai Juma'a ba," in ji shi. "Tunda ka bi gari kana tambayar motag ga, labari ya hita, yanzu za mu tahi. Ɗiyarka baya, kai gaba. In hannunka na gaskiya na, mu gani tare."

Haka aka yi. Mardiyya ta kwanta a katifa da ƙullin kayanta a matsayin matashi, tana murnar ganin babanta, ba ta san komai ba. Halilu ya zauna gaba gwiwoyinsa a ƙirji, bai ga gona ba bai ga itace ba, duk jikinsa ya koma kunne. Da suka doshi kwanar tsamiya Jabir ya taka, turbon ya yi fito siriri, motar ta zabura ba shawara har bayan Halilu ya manne da kujera. Ba kowa a kwanar ranar sai awaki. Ba a yi la'asar ba suna ƙofar gida, Fatimatu na rungume da 'yarta.

Jabir ya sauke kayan, ya miƙo sufanar ta taga, ya ja motarsa ba tare da ya sha ruwan da aka kawo masa ba.

Mardiyya ta sauka lafiya, namiji. Halilu na nan a rumfarsa, har yanzu yana kwanciya ƙarƙashin motoci, sai dai in ya murza laka ya fi yin shiru da abin da ya gani. Jar motar kan wuce ta gaban garejin sau biyu ko uku a mako, a kan hanyar asibiti, ba ta taɓa rage gudu ba. Tun watan jiya kunnensa ke jin wani ƙaramin kuka a gefen hagu na injin, irin wanda in ba a duba ba wata rana zai tsayar da mota a inda ba a so. Ya aika saƙo ta bakin surukinsa sau biyu. Jabir ya ce a gaya wa Baba ya gode, yana da bakanike a Shinkafi.