Tsuntsuwar da Ta Yi Shiru a Kan Mangwaro

Yau da safe ina shanya a bayan gidanmu na Nassarawa GRA, sai na hangi 'yar tsuntsuwar nan a kan mangwaro. Rabona da ita tun daminar da kakanmu Alhaji ya rasu.

Shi ya koya mini gane ta. Yakan zauna a gindin mangwaron, shayinsa na hucewa, ya ce, "Amarya, bar duba launi, inuwa tana ruɗin ido. Dubi yadda take cafke ƙwaro a iska ta koma reshen da ta taso." Bayanta ja ne, kanta baƙi, jelarta doguwa kamar zare. Ya ce daga dazukan kudu take biyo ruwan sama.

A daminarsa ta ƙarshe, wata la'asar hadari ya haɗu, gari ya yi tsit, ta sauko reshen da ke saitin kansa. Ga ƙwari suna ta yawo, amma ba ta kula su ba, ba ta yi kuka ba. Alhaji ya daɗe yana kallonta.

"Bana ba abinci ta zo nema ba," ya ce. "Kama ni mu shiga ciki."

Bai sake fitowa da ƙafarsa ba.

Yau ma a wannan reshen ta sauka, ta yi shiru, ni kaɗai ce a ƙarƙashinsa. Allah Ya ba Alhaji inuwar Aljanna. Mu kuma, in tamu ta zo, Ya sa ta same mu a shirye.