Sale a bakin ƙofa, hannuna cikin fulawa

Yaya Binta, daren jiya na yi wani mafarki, har yanzu bai sake ni ba.

Na gan ni a tsohon gidanmu, wanda Sale, ƙanin marigayi mijina, ya sayar bayan na fita takaba. Kin tuna ce min ya yi in koma wajenku ya gyara rufi, na dawo na tarar da baƙi a ɗakina. To a mafarkin gidan ba rufi ko kaɗan, rana tsaka, amma ba zafi. Ina zaune ina murza taliya da injina, kamar yadda nake yi yanzu a ɗakin haya. Igiyoyin shanya sun cika, taliyar tana sauka har ƙasa, ba ta ɗaukar ƙura.

Sai kawai na ga mijina, Abban Hauwa, a gindin lemon nan na tsakar gida yana wanke kekensa. Na ce, "Sannu da aiki." Bai ɗago ba. Ban ji tsoro ba, ban kuma yi kuka ba, na ci gaba da murzawa.

Sai kawai soro ya zama bakin kogi. Ga Sale a tsaye, ruwa har gwiwarsa, ya rame, yana miƙo min makullan gidan. Ya ce, "Yaya, ki karɓa, sun yi min nauyi." Na duba hannuwana, duk kwaɓin fulawa ne. Na ce, "Ka ga ina aiki, kuma ina da nawa makullin." Bai sauke hannun ba. Ruwan yana ta hawa a hankali.

A nan ne Abban Hauwa ya yi magana, yana goge ƙafar keke, ba tare da ya kalle ni ba: "Rabi, ya ci abinci kuwa?"

Na buɗe baki zan amsa, sai na farka ana kiran asuba.

Abin da ban gaya miki ba, ranar Juma'a matar Sale ta zo, ta ce yana kwance ba lafiya, ni yake ta nema. Na ce mata na ji. Wallahi Yaya, ba na son gidan, na saba da kwana ba da sunan Sale a raina ba. To me mafarkin nan yake nufi? Cewa ake in je in duba shi, ko dai zuciyata ce ba ta gama hucewa ba?