Shaidar Illo a Gonar Inna

Damanar bana ce ta goma sha ɗaya da muka binne wana Illo a garinmu, can gefen Allakai. In na ji rediyo yau yana cewa "masu buƙata ta musamman", sai in yi murmushi. Da Illo yana nan, da ya maimaita kalmar sau ashirin ya koma wurin awakinsa. A zamaninsa gaula ake ce masa. Masu kirki su ce taɓaɓɓe, tsofaffin mata su ce iskoki ne suka shafe shi tun yana goye.

Gaskiya ne, ko wando bai iya ɗaurewa ba sai mahaifiyarmu, Inna, ta taimaka. Ba ya kallon mutum a ido, ba ya amsa gaisuwa. Amma tambaye shi ranar sunan kowane yaro a garin, zai ce maka Talata ce, baƙin rago aka yanka, an yi yayyafi da hantsi. Mu dai dariya muke yi, mun manta ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Shekarar da korama ta ɓalle ta share gambar da ke kan iyakokin gonaki, maƙwabcinmu Tsalha ya shuka hatsinsa har tsakiyar gonar Inna. Babanmu ya daɗe da rasuwa, dattawan da suka ga rabon gonar duk sun bi shi. Gonar nan kuwa ita ce cin Inna, ita ce rufin asirinta. Aka taru a bakin gonar gaban maigari. Ni ina sabon mushen lakwal, wato malamin makaranta, na sha farar riga, ina ta zuba Faransancin da ba wanda ya tambaye ni.

Sai ga Illo yana kaɗa kai. "Baba ya sa tulu. Baba ya sa tulu, ran Laraba."

Kunya ta rufe ni. Na ce, "Yaya, don Allah tahi gida."

Tsalha ya kwashe da dariya. "Ranka shi daɗe, yau kuma shaidar gaula za mu ji?"

Maigari ya ce shari'a ba ta karɓar shaidar marar hankali, haka aka gada. Nan Inna ta ce, "To ku bar bakinai, ku bi ƙahwatai." Wato a bar maganarsa, a bi ƙafarsa.

Fili ne na yashi, babu itace, babu dutse. Illo ya taka kai tsaye, ya tsaya cak. Aka haƙa, sai ga bakin tulu cike da gawayi, irin wanda magabata ke binnewa a kan iyaka. Ya sake tafiya ya tsaya, aka haƙa, ga na biyu. Na uku Tsalha da kansa ya haƙo shi, ya jefar da hauya yana salati. Shekarar Illo biyar lokacin da Baba ya binne su. Ikon Allah!

'Yata da ke aikin jinya a Madawa ta ce likitoci na da sunan wannan baiwa, an san irinta a duniya. Waɗanda suka ce masa gaula su ne yau ke ce masa waliyyi. An dai sauya wa tuwo suna, shi kuwa bai taɓa amsa ko ɗaya ba.

Inna ta ci hatsin gonarta har ta koma ga Allah, jikokinta na ci yau. Wannan ne Illo ya bari. Abin da ni na bari shi ke damuna. A ranar, maigari ya ce in rubuta takardar iyaka, tunda ni na yi boko. Tana cikin akwatina har yanzu. Na rubuta cewa an haƙa an ga tuluna, na jera shaidu uku, har da Tsalha. Illo yana tsaye a kafaɗata yana kallon alƙalamin, ban sa sunansa ba. Allah ya jiƙanka, Yaya, ka yafe mini.