Maƙoƙo Ya Mayar da Ni 'Yar Amshi

Salama gare ku 'yan'uwa. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yi haƙuri, ba wulaƙanci ba ne. Ko na ɗauka ba za ku ji ni ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Rifkatu, mai ba da waƙa a zumuntar mata ta 'yar majami'armu da ke wajen Kutama. Aikina in ɗaga murya, mata su amsa. Tun ina budurwa haka nake, ban taɓa neman lasifika ba.

Abin ya fara da ɗan ƙullutu a gaban wuya. Na ce ƙiba ce. Da ya girma sai na koma naɗa gyale har haɓa, har maƙwabciyata Inna Hajara mai nono ta tsokane ni, wai ko na kusa bin su masallaci ne. Muka yi dariya. Da ta ja gyalen ta gani, dariyar ta ɗauke. Ta ce maƙoƙo ne, kada in yarda wanzami ya sa mini aska, in tafi asibiti.

Ban tafi ba. Tsoro nake ji.

Ranar bikin godiyar kaka na ɗauko waƙa, ina tsakiyar baiti numfashi ya yanke. Mata sun buɗe baki suna jiran su amsa, babu abin amsawa. Na dafa benci, zufa tana karyo mini. Washegari maigidana Bitrus ya ɗora ni a babur sai asibitin Gwarzo, su kuma suka tura mu Kano.

Layin kati, gwajin jini, hoton wuya, sannan aka soka allura cikin kumburin aka zuƙo ruwa don a duba ko ciwon daji ne. Jiran sakamakon nan ya fi allurar ciwo. Awakina da gyaɗar da muka noma duk a nan suka tafi.

Likita ya ce, "Mama, ba daji ba ne, amma yana danne miki hanyar numfashi, dole a cire. Jijiyar murya a bayansa take. Za mu kiyaye, amma ba zan yi miki alkawari ba."

Bitrus ya ji "ba daji ba ne", yana ta godiya. Ni kuwa ƙarshen maganar kaɗai na ji.

A kan gadon da aka tura ni ɗakin tiyata, addu'ata ɗaya ce: Ubangiji, ka ɗauki abin da ka ga dama, ka bar mini muryata, ai aikinka nake yi da ita. Na faɗa da irin ƙarfin da nake ba da waƙa, ina jiran ya amsa.

Na farka da roba a wuya tana fitar da jini. Na ga Bitrus a bakin ƙofa, na kira sunansa.

Iska ce kawai ta fito.

Nas ta ce in daina ƙoƙari, kumburi ne. Bayan an sallame ni na koma, suka zura mini wata siririyar na'ura ta hanci suka leƙa maƙogwaro. Ɓangare guda na wurin da murya ke fita ba ya motsi. Likita ya ce yana iya farfaɗowa, yana iya ƙi, sai dai a jira.

Gaskiya na yi fushi, kuma da Allah nake fushin. Ina zuwa sujada in zauna can baya, bakina a rufe. 'Yata Lami ce ta karɓi bayar da waƙa. Tana rerawa ina ƙirga kurakuranta a zuci, ni uwarta.

Wata Lahadi Mama Saratu, tsohuwar da ke buga mana tulu, ta zo ta zauna kusa da ni. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Rifkatu, ke kin taɓa yin amshi kuwa?"

Na girgiza kai.

"To mai amshi sai ta saurara tukuna. Ke ba ki taɓa samun wannan hutun ba. Riƙe tulun nan, hannuna ya gaji."

Na karɓa ba don ina so ba. Mai tulu ba ta gaba da waƙa, bin ta take yi. Sai ga shi kalmomin da na shekara da shekaru ina rerawa suna shiga kunnena kamar baƙi. Addu'ata ma ta sauya. Da can ni nake bayarwa, ina jiran Allah ya yi mini amshi. Yanzu nakan yi shiru in ji abin da ya bayar a ranar, daɗi ko wuya, in ce amin. Ban ƙware ba, har yanzu koyo nake.

Na gode wa Yesu da ya bar mini numfashi. Na gode wa likitoci da nas-nas, da matan zumunta da suka karɓi girkin gidana, da Inna Hajara da ta yi ta aiko mini da kindirmo lokacin da tuwo ba ya haɗiyuwa.

Don Allah, wanda ya ga kumburi a wuyansa kada ya rufe shi da gyale, ya je asibiti tun yana ƙarami. Kada a tsaga, kada a ɗaura magani. Ku riƙa sayen gishiri mai sinadarin aidin, rashinsa na kawo maƙoƙo. Wanda aka ɗora wa ƙwayar da ake sha kullum da safe, kamar ni, kada ya daina don ya ji sauƙi.

Masu tambayar murya, tsohuwar muryata ba ta dawo ba, mai yiwuwa ta tafi ke nan. Wata ce ta zo, a dishe, ba ta kai bakin ƙofa.

Lahadin da ta wuce Lami ta ba da waƙa, na buga tulu, na buɗe baki na amsa tare da mata. Babu wanda ya ji ni sai Mama Saratu. Ba ta ko waiwayo ba, ta dai zungure ni da gwiwar hannu, muka ci gaba.