Marshena na Farko na Dashen Itatuwa

Shekarun baya, ban daɗe da fara rainon itatuwa a bakin wata rijiya kusa da Bouza ba, sai abokina ya zo mini da labari: wata meri, wato ƙaramar hukuma, na neman wanda zai kewaye sabuwar lakwal, makarantar boko, da itatuwa. Washegari na ɗauki ƴan dashe uku mafi kyau, dogon yaro biyu da bagaruwa ɗaya, ya goya ni a moto, babur ɗinsa, muka tafi. A ganina idan sun ga ganyen nan, magana ta ƙare.

Sakataren meri ya dubi itatuwan, ya dube ni, ya ce, "Malam, sun yi kyau. Ina dosiyenka?"

Na ce wane dosiye? Ya lissafo mini: rijistar sana'a, lambar haraji, takardar patanti ta biyan kuɗin sana'a. Ko ɗaya ban taɓa riƙewa ba. Mutumin kirki ne, bai yi mini dariya ba, ya ce akwai sauran sati uku kafin a rufe.

Na sayar da raguna biyu na tafi Tahoua. Kwana biyar ina bin biro-biro, ofis bayan ofis, da hotuna a aljihu, har na samu takardun. Da na dawo, ji nake kamar an naɗa ni sarauta. Wajen rubuta farashi kuwa tsoro ya kama ni, don na ji akwai ƴan Madaoua biyu masu mota da ke nema. Na yi ta ragewa har na ga babu mai iya yin ƙasa da ni. Aka ba ni marshen, wato kwangilar.

Sai da na je filin na gane abin da na yi wa kaina. Fako ne, diga na tashi sama idan ka sara. Rijiya da nisa, awakin gari kuma nan suke wuni. Ni ban sa kuɗin ruwa ba, ban sa na wayar shinge ba, ga sharaɗi a rubuce: ba za a karɓi aiki ba sai itatuwan sun kai damina ta gaba da rai. Haka na dasa, cikin wata ɗaya awaki suka cinye kusan rabi, sauran suka fara yaushi.

Na kasa cin tuwo, mahaifiyata ta lura. Ita a ƙuruciyarta ta yi shekaru tana aikin dashe a tsaunukan Keita, lokacin da mata ke fita da kwando da shebur. Na faɗa mata komai. Ta ce, "Ɗan nan, rame irin mi ka gina?"

Na ce, "Rame dai, Inna."

"A hwako? To ba dashe ka yi ba, bizne su ka yi."

Bayan kwana biyu ta sa na ɗauki amalanken jaki. Muka bi gida-gida, ta tattaro tsofaffin ƙawayenta shida da suka yi wancan aiki tare. Na ji kunya ƙwarai, ga ni mai takardu, ga iyayena da zane ɗaure a ƙugu. Suka nuna mini yadda ake gina rami kamar rabin wata yana fuskantar gangare, a zuba taki, a jera duwatsu a baya don ruwa ya tsaya. Muka sake dasa sababbi a madadin waɗanda awaki suka cinye. Suka sa ni saro ƙaya, suka yi wa kowane dashe ɗan shingensa. Ɗaya ta huda tsofaffin bido, wato jarkoki, ta binne a gindi, ta ce in cika su da ruwa sau biyu a sati. Suna aiki suna waƙoƙinsu na da, suna tsokanar juna da wadda ta fi ragwanci a Keita. Ni suka mayar ɗan aike, suna kirana "mushe anturpurunar", wai malam ɗan kwangila da Faransanci.

Ranar karɓar aiki, mutumin meri ya bi layi yana taɓa kowane itace. Kaɗan ne suka mutu. Riba ban samu ba, abin da ya rage na sayi turmi-turmi na atamfa na kai musu. Suka karɓa suna faɗa wai na yi ɓarna.

Yanzu masu wannan sana'a sun yi yawa, kowa da takardunsa, ledar raino da wayar shinge sun yi tsada, marshe kuma sai an yi da gaske. Na koyi zuwa in taka fili da ƙafata kafin in rubuta farashi. Ina samu fiye da da, alhamdu lillahi, amma ban sake yin aikin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Inna ta rasu, huɗu cikin ƙawayenta ma sun bi ta. Biyun da suka rage idanunsu sun yi rauni. Duk sanda na je gaishe su, ba sa tambayata ciniki. Ɗayar takan kama hannuna ta shafa tafin, ta ji ko har yanzu akwai kantar aiki.