Yaƙin Taurari da Kwandon Gyaɗa

Ni dai tun ina yaro wautata ba ta jira a kira ta. Lakwal ma, wato makarantar boko, wata huɗu na yi, malaminmu da muke ce wa mushe ya ce in koma gida in huta, shi ma ya huta.

A gidanmu na Zango, in an kawo gyaɗa daga gonarmu ta Dakusa, bayan isha'i muke kewaye wuta muna ɓara, kakata Iya Gambo tana ba mu tatsuniya. Wayonta ke nan: baki nata, hannu namu. Tana jan labari a hankali, hannu na tafiya, kwando na raguwa.

Shekarar da aka ce Turawa sun harba tauraro sama, baffana ya yi wa wani mai kamiyo, wato babbar motar kaya, alkawarin buhu biyu ɓararru ran Alhamis. Sai Iya ta ƙago mana labarin wani maƙeri da ya ƙera jirgin ƙarfe zai je ƙwato Zara, matar Wata, daga hannun sarkin taurari. Amma fa dare biyu maƙerin nan bai tashi ba. Yana ta sallama da uwarsa, tana ƙulla masa ƙuli-ƙuli a bakin zane. Ni kuwa na ishe ta da tambayar yaushe za a fara faɗan.

Daren Laraba mura ta shaƙe mata murya. Ta dube ni ta ce, "To, sarkin gaggawa, ga bakin nan, ɗauka."

Na kuwa ɗauka. Na harba maƙeri sama ba ko bisimilla. Kibau na walƙiya, garkuwa ta tsawa, na fasa taurari bakwai kafin itace ɗaya ya cinye. Abin ya yi daɗi, kuma har gobe ban janye wannan maganar ba. Yara suka saki baki, matan maƙwabta suka leƙo ta katanga. Sai dai wanda ya saki baki, hannunsa tsayawa yake. Da na kashe maƙerin don a yi kuka, ƙanwata Hajo ta tambaya wai wanne ne ya mutu. Kwando ya kwana cike, kamiyo ya tafi da buhu ɗaya, baffa ya murɗe mini kunne.

Bara jikana ya fassara mini wani littafin Faransanci, yaƙi a sararin sama tun daga bango har bango. Na ji daɗinsa ƙwarai, har fura ta yi tsami a gabana ban sha ba. Da ya rufe ya tambaye ni wa na fi so a ciki, na laluba ban sami kowa ba. Na gane mai littafin ɗan'uwana ne: ya iya gudu, bai iya sallama ba.

Ita Iya ba ta yi mini faɗa ba a waccan safiyar ta Alhamis. Tana tsince ɓawo ta ce da shaƙaƙƙiyar muryarta, "Ka iya kashe mutane, ɗan nan. To uwarsa fa, wa ka aika ya gaya mata?"